Waƙoƙin Keshar Makaɗi

Jasoda ta shekara talatin da ɗaya tana aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti da ke kan duwatsun Garhwal a yankin Himalaya, kuma babu wanda ya taɓa ganin ta rikice. Sai ranar da ta kai ƙunshin takardu gidan waya, ta kasa liƙa kan sarki daidai.

Mahaifinta Keshar makaɗi ne, irin waɗanda ake kira idan abin bautar wani gida ya yi fushi. Yakan zauna da gangarsa ya yi ta rera tarihin allolin mutanen duwatsun, har ɗayansu ya hau kan wani ya faɗi abin da yake so. Bai iya karatu ba. Da muryarsa ta fara dishewa, Jasoda ta riƙa zama gefensa, yana faɗa tana rubutawa, har ta cika littattafan 'yan makaranta goma sha huɗu. Ya rasu, littattafan suka shekara tara cikin akwati.

Wata shekara ta sauka birnin Haridwar wankan ibada a kogi, ta ratsa layin masu sayar da littattafan ibada. Kowane abin bauta na mutanen birni da littafinsa, amma nasu na dutse ko ɗaya. Ta koma gida ta kwafe waƙoƙin da hannu, ta aika wa kamfanonin buga littattafai uku.

Na farko bai amsa ba. Na biyu ya dawo da ƙunshin ko zaren ba a kwance ba. Na uku ya yi shiru wata huɗu. Kullum da hantsi tana bakin hanya tana jiran mai raba wasiƙu, har ya fara tsokanarta.

"Inna, gaya mini gaskiya, saurayi kika yi a birni?"

"Wuce ka ba ni wuri, ni na yanke maka cibiya."

Tana dariya, amma abinci ba ya shiga. Ba shirun kaɗai ke cin ta ba. Yayanta Mangtu ne ya gaji gangar, kuma ba ta gaya masa komai ba, don ta sha jin yana cewa waƙar da aka sa a takarda ta mutu.

Ana nan sai aka kira ta a waya daga kamfani na uku, aka ce ta zo Haridwar. Awa bakwai a mota, tana rungume da jaka, tana tsara abin da za ta ce. Mai kamfanin wani dattijo ne, Dobriyal, ofishinsa na saman shagon masu turaren wuta. Ya sa aka kawo shayi, ta riƙe kofin har ya huce.

"Malama, na karanta, sau biyu ma," in ji shi. "Abu ne mai kyau. Gyara biyu kawai. Babin yanka akuya zai fita, masu sayen littattafanmu ko ƙwai ba sa ci. Sannan a bango za mu rubuta cewa waƙoƙin wani tsohon mai hikima ne na Himalaya."

"Sunansa Keshar."

"Na sani. Amma kin san mutane. Idan suka ga ɗan gidan makaɗa ne..." Ya bar zancen nan.

Ta san mutane kuwa. Mahaifinta ya yi wa manyan gidaje kiɗa shekara hamsin, kuma a tsakar gida ake ba shi shayi, shi zai wanke kofinsa. Idan ta ƙi, ba ta san wani kamfani na huɗu ba.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "akuyar nan ba ni na sa ta ba, haka ake yi a wurinmu. Sunan kuwa, idan zai fita, ba ni takarduna in kama motar yamma."

Dobriyal ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Ke kam da kin yi lauya. Bar su a nan, zan yi shawara da abokin aikina."

Ta dawo gida tana ganin ta kashe aikin da bakinta. Kwana biyu tana kai da kawowa, a na uku ta ɗauki littattafan ta haura gidan Mangtu, ta same shi yana ɗaure fatar ganga. Ta faɗa masa komai a tsaye.

Ya yi faɗa har matarsa ta leƙo. "Wato baƙin birni sun riga ni gani! Ni da na yi shekara ashirin ina ɗaukar masa ganga!" Da ya gaji ya ce, "To karanta in ji ɓarnar da kika yi."

Ta fara karantawa. Ba ta kai shafi uku ba ya ɗaga hannu. "A'a. Cikin allolin nan biyu, ƙanwar ake fara kira kafin yayan. Kin juya su. Da a gaban jama'a kika yi wannan, da babu abin bautar da zai sauko."

Kuskure nawa ne irin wannan ke kwance a teburin Dobriyal?

Bayan mako shida wasiƙa ta zo. Za a buga ɗari biyar, da sunan Keshar a bango, babin akuya kuma zai koma ƙarshe da ɗan bayani a kansa. Jasoda ba ta samu sukunin murna ba, don wata ɗaya aka ba ta ta aika gyara. Kullum da safe tana gidan Mangtu, tana karantawa yana tsayar da ita, wani lokaci su yi ta musu a kan kalma ɗaya har rana ta take. Sun gano kurakurai arba'in da biyu.

Littafin ya fito da bazara. Mangtu ya sa jikarsa ta karanta masa tun daga farko, ya aiko wa Jasoda cewa akwai sauran kurakurai uku.