Daddawar Inna da lambar da ta ɓace

"Abban Hanifa, buhun geron da ka ba Malam maƙwabcinmu, ka cire ƙullin daddawar Inna kuwa?"

Tambayar da maiɗakina ta jefo min ke nan ɗazu, ina zaune a tsakar gida na zuba wa kwamfuta ido kamar in yi kuka. Manhajar da nake rubuta wa na'urar auna ruwan tanki ce ta ƙi ni, ga mai aikin yana ta kira daga Kiyawa. A manhaja, aji wani rukunin bayanai ne, wani kuma kan gaji wani. Da zarar na kwafi bayanan uwar aji, sai lambar ƙaramin ajin da ya gaje ta ta koma sifili.

Na ce, "Wace daddawa kuma? Gero ne zalla a ciki."

Ta yi dariya. "Yau ka san Inna? Ba ta taɓa aiko buhu daga Miga ta bar sarari a bakinsa ba. Sai ta cusa wani abu."

Sai na yi zumbur na miƙe!

Na bi memori, ma'ajiyar bayanan na'urar, gurbi bayan gurbi. Wallahi haka ne. Kwamfaila, mai juya rubutuna zuwa yaren na'ura, ya bar ɗan sarari a ƙarshen uwar ajin, ya cusa lambar ƙaramin a ciki. Ni kuma ina kwafe uwar ajin ɗungurungum kamar buhun, har da sararin, ina danne lambar da sifili. Layi ɗaya na gyara, lamba ta dawo daram.

Daddawa kam ta tafi, har matar Malam ta aiko mana da miyarta.

Ashe kwamfaila ma halin Inna gare shi, ba ya ganin sarari ya ƙyale. Ku fa, me iyayenku mata ke cusa muku a bakin buhu?