Hajiya Sai-kuma-me, likitar da ke bakin waya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take buɗe ɗan ofishinta da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje na asibitin sojoji. Ta ajiye jaka, ta zuba shayi, ta jera wayoyi uku a gaban kwamfuta. Kafin shayin ya huce, ɗaya ta yi ƙara. Shekara ashirin da biyu ke nan tana haka. Ƙwararriya ce a cututtuka masu yaɗuwa, ita likitocin soja da aka tura bakin daga suke kira idan zazzaɓi ya ƙi jin magani.

Su suka sa mata Hajiya Sai-kuma-me, domin duk bayanin da ka kora mata, kana ganin ka gama, sai ta ce, "To, sai kuma me?" Maigidanta ya ce ko ciwon kai yake yi ba ya faɗa a gida, don sai an tambaye shi inda ya zauna jiya da wanda ya ba hannu.

To ta yaya mutum ke duba majinyacin da hannunsa bai kai gare shi ba? Wani kyaftin, likita ne, ya ga yadda ake yi. Da damina ya kira ta daga wani sansani mai tafiyar kwana biyu. Sojoji tara na kwance, gwaji ya nuna ba maleriya ba ce, ɗayansu idonsa ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya ragu.

Ta ce, "Me ya haɗa su taran nan?"

"Babu, ranki ya daɗe. Ba tanti ɗaya suke ba, abinci kuma kowa shi yake ci."

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba, ɗana. Kira mini mai wanki."

Kyaftin ya ce har ransa ya sosu: mutane na kwance, ana neman mai wanki! Amma mai wankin ne ya tuna cewa kwana goma da suka wuce, waɗannan taran sun kawo kaki duk taɓo, ranar da suka tura motar da ta maƙale a kududdufin bayan sito.

Ta ce, "Baba, akwai ɓeraye a siton?"

Ya yi dariya. "Hajiya, ai sun fi mu yawa."

Sai ta sa likitan ya matsa tsokar bayan ƙafar ɗayansu. Ihun da sojan ya yi har cikin ofishinta. Cutar da fitsarin ɓera ke bari a ruwa ce, maganinta kuwa yana cikin akwatin kyaftin tun ranar da suka sauka. Ta ce mai idon ɗorawa a ɗauke shi a jirgi a ranar. Kwamandan sansanin ya fara jan ƙafa, wai jirgin na da wani aiki.

Ta ce, "Yallaɓai, ni ba ni da igiya a kafaɗa. Amma in ya kwana a nan, ƙodarsa ba za ta kai jibi ba."

Jirgi ya zo. Su taran duk sun warke.

Ba kullum ake dacewa ba. Akwai sojan da ya rasu ba ta gano ciwonsa ba. Wata huɗu tana bin sakamakon jininsa daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan. Da amsa ta fito, ta kira likitan da ya yi jinyarsa ta ce, "Ga abin da ya kuɓuce mana, ni da kai. Rubuta."

Hajiya, ke ce babbar likitar da ba ta jin nauyin cewa "ban sani ba, ba ni awa biyu." Ke ce kike tambayar direba da kuku abin da manya suka raina tambaya. Ba ki taɓa sa ƙaramin likita ya ji kunyar kiran ki ba.

Ƙarshen watan nan za ki yi ritaya. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya.

Ku kuma ƙwararrun da ke manyan asibitoci, yanzu haka akwai wani ɗan'uwanku a cikin tanti, ga majinyaci a gabansa, ga waya a hannunsa, yana tunanin wa zai kira. Ku ba shi lambarku.