Hayaƙin da Gwadabe Ya Ɓoye

Har yau in aka ambaci Gwadabe mai tsire, mijin yayata Zubaidatu, raina ɓaci yake yi. Mutane sai su ce ai bawan Allah ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. To, ni dai mun yi, kuma ba sau ɗaya ba.

Umra ce ta kawo shi Jidda inda nake zaune, shi da Yaya, suka yi zamansu a unguwar Kurayyat babu iƙama, wato takardar izinin zama. Hannunsa da daɗi, wannan ba na musu, Larabawa ma layi suke yi. Amma tsoro ya gama cinye shi. A cikin ɗaki yake gashi, da bututun kwano da ya ɓulla ta rufi, yana ƙona katakon akwatunan tashar jirgin ruwa, duk fenti, wani ma da danshinsa. Kullum fargabarsa kar hayaƙi ya tashi sama, 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, su biyo shi su tambayi takarda.

Sai Abdulwahid, wani direba haifaffen Jidda, ya kawo masa wani abu kamar saƙar zuma, daga tsohon murhun Baturen da yake yi wa tuƙi a unguwar Abhur. Wai in an cusa shi a bututu, cinye hayaƙi yake yi, amma fa sai da busasshen itace da wuta mai ƙarfi. Gogan naka ya ji farkon maganar, ya watsar da ƙarshenta.

Hayaƙin waje ya ragu, yana ta washe baki. Bai tambayi inda ya tafi ba. Ramukan abin sun toshe, kunkunniya ta daskare a bututu kamar kwalta, hayaƙi ya dawo ɗakin da Yaya take wuni tana yanka masa albasa. Tari ya kama ta, tun tana ɓoyewa har ya fi ƙarfinta.

Na ce ya hau ya cire tsiyar nan, ya kankare bututunsa. Ya ce marar iƙama ba ya hawa rufi, duk unguwa za ta gan shi. Na ce to ni zan hau. Ya ce mace a kan rufi ta fi jawo ido. Wallahi kamar in shaƙe shi.

"Ki ƙyale shi, Mairo," in ji Yaya, tana jan numfashi da ƙyar. "In aka kama shi, ina zan sa kaina?"

Wata Juma'a da rana tsaka bututun ya kama da wuta, yana ruri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe har daga babban titi ana hangowa. 'Yan kwana-kwana suka zo, 'yan sanda na biye da su. Halas, shi ke nan, aka kama Gwadabe aka sa shi a jirgin Kano.

Ba a kama Yaya ba, don lokacin tana kwance a ɗakina, ta daina iya kwana a nata. Ba ta kai azumi ba.

Da ya bugo waya daga Kano yana tambayar ya jikin nata, na ce masa jiya bayan la'asar aka binne ta, yanzu kam babu mai fitar da ita daga Jidda. Na kife wayar, ban tsaya jin kukansa ba.