Ƙarar da Rilwanu Kaɗai Yake Ji

A bayan shagon Rilwanu bakanike, can cikin Karmo inda kwata ta raba hanya biyu, akwai rumfar kwano da ba kowa yake bari ya shiga ba. Babura huɗu ne a ciki, kowanne ya girmi 'ya'yansa: Basfa ruwan toka, roba-roba ja, wani Suzuki da ya ceto daga hannun 'yan gwangwan, da baƙin Rodmasta mai bututun hayaƙi biyu. Duk safiyar Juma'a sai ya yaye musu buhunan da yake rufa musu, ya goge su da tsumma, ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya bar su suna gurnani a tsaye.

Daga wajen Malumfashi ya zo Abuja yana ɗan acaɓa. Da aka hana acaɓa shiga tsakiyar gari, ya sauka daga kan babur ya durƙusa a gindinsa. Allah ya ba shi kunne. Yakan ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido, ya faɗa maka ciwon babur ɗinka tun bai kwance ƙusa ɗaya ba. Daga Gwagwa da Idu ake turo masa aiki saboda wannan kunne.

Rodmastan ba nasa ba ne. Na amininsa Edward ne, mutumin Fankshin, wanda ya shekara ashirin da biyu yana rarraba wasiƙun wata ma'aikata a kansa, ya kuma saye shi ranar da aka yi gwanjonsa. Su biyun sun ƙulla cewa za su hau har tsaunin Mambila, Edward a Rodmasta, Rilwanu a Suzuki. Babu wanda ya taɓa zuwa a cikinsu. A jikin wata kalanda Edward ya ga gonakin shayi kwance cikin hazo, zuciyarsa ta maƙale a can. Ya yago kwali ya jera garuruwan hanya, Keffi, Lafiya, Makurɗi, Takum, Bali, Serti, Gembu, ya kafe shi da ƙusa a ginshiƙin rumfar. Suka tanadi hular kwano biyu, rigunan ruwa, faci da famfo, da jarkar mai.

"Injiniya, yaushe za mu tashi?" Edward yakan tambaya, cikin Hausarsa ta barikin Abuja.

"Saura kaɗan, Baban Kindness."

"Wannan saura kaɗan naka, ka ajiye ma kwastoma. Ni ba kwastoma ba ne. Mashin nan lafiya yake, ni na hau shi kafin ka san shi."

"Kai hawa ka sani. Akwai wata 'yar ƙara a sama, kamar ana taɓa cokali da farce."

"A kan naka ƙaran yake, oga."

Kowane bakanike yana cewa saura kaɗan, ko da injinka yana cikin kwano a warwatse, kuma kowa ya san ba alkawari ba ne. Matsalar Rilwanu ita ce shi da gaske yake yi. Yana jin ƙarar. Ya buɗe injin ya rufe, ya sake buɗewa. Ya canza fulogi, ya canza ringi, ya wanke kabureta har ta yi ƙyalli kamar kwanon amarya. Idan damina ta zo, sai ya ce a bari hanya ta bushe. Idan ta bushe, ƙarar tana nan. Bai yarda ya kai amininsa kan tsauni da injin da bai gamsu da shi ba. Haka shekara tara ta wuce, rubutun kwalin ya koɗe.

A shekara ta bakwai Edward ya fara tuntuɓe da bencin shagon. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Hasken ya riƙa tsukewa daga gefe, sannu a hankali, har ya rufe.

Wata Talata a ƙarshen damina, matarsa Prudence ta riƙo hannunsa har bakin rumfar. Ta ce sun ɗaure kaya, gobe mota za ta kwashe su zuwa gida Fankshin. Edward ya lalubi tankin Rodmasta, ya shafa shi kamar goshin doki.

"Buga shi," ya ce. "Ka goya ni. Ko Bwari ne."

Rilwanu ya buga, injin ya amsa. Hannunsa ya tafi kan teburi da kansa.

"Ajiye sukundireban nan. Na ji ka ɗauka. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

Ya ajiye. Prudence ta ɗaure wa mijinta hular kwano, ta ce kada su wuce la'asar.

Suka bi ta Dei-Dei suka hau hanyar Kubwa. Rilwanu yana tuƙi, rabin hankalinsa yana ƙasa, wajen cokali da farce. Ƙarar tana nan, ƙas, ƙas. Suna wuce Dutse, inji ya ɗau zafi sosai, mai ya zaga ko'ina, sai ta ɗauke. Ya rage gudu ya saurara. Ya ƙara wuta ya saurara. Babu komai sai murya ɗaya, santala, irin wadda yake nema shekara tara. Ƙarar sanyin inji ce kawai, wadda hanya take warkarwa. Shi da bakinsa ya sha gaya wa masu kawo masa gyara haka: ku hau shi, zai daina. Wannan kuwa bai taɓa kai shi nesa da bakin kwata ba.

"Ka yi shiru, Injiniya. Yaya ƙaran ka?"

"Babu ita."

Edward bai ce na faɗa maka ba. Ya ƙara riƙe ƙugunsa.

"To faɗa mini abin da ke gefen hanya."

Rilwanu ya dubi gefen hanya. Ya ce ga duwatsu baƙaƙe, ruwan jiya yana tsiyaya a jikinsu. Ga dawa ta fitar da kai. Ga matan Gbagyi da itace a kafaɗa, ɗaya tana dariya.

"Kore ne sosai?"

"Kore ne sosai, Baban Kindness."

A Bwari suka sayi gasasshiyar masara suka ci a tsaye, injin yana hucewa a gefensu. Da suka juyo, Rilwanu ya riƙa jan tafiyar, yana ƙin kai ta ƙarshe.

"Kai, ba gawa ka ɗauko ba," in ji Edward a bayansa. "Sa giya na huɗu. Bari in ji iska."

Rilwanu ya taka giya.