Ranar da Inna Ta Ɗaure Saniya a Gidana

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Hauwa ta Gude, kuma ban taɓa zaton zan zauna rubuta waiwayenta bakina har kunne ba. Allah ne Ya haɗa zagayowar ranar da sunan jikata ta farko a mako guda. Gida ya cika da guɗa, alƙalami ya ƙi makoki.

Bari in fara da abin da na yi imani da shi a da. Na ɗauka wanda ya je jami'a shi ne mai ceton rai a cikin dangi, tsofaffi kuwa lallaɓa su ake yi kada su kawo cikas. Na kuma ɗauka kunya ba ta taɓa kashe kowa ba.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Gwarzo. Lokacin ana tsakiyar ɗokin Shari'a, ni ma ina sahun gaba. Matata Binta tana shayar da 'yarmu Safiya, mai wata takwas, sai ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu. Yau na rubuta kalmar tsaf, amma a wancan lokacin ba ta fita daga bakina. Da na je kemis cewa na yi iyalina na fama da ciwon ƙirji, mai kemis kuwa ya haɗo mini maganin tari. Na karɓa, na yi godiya, na kai gida. Da wata ma'aikaciyar jinya ta ce mu je birni, na ji likitan namiji ne, sai na yi ta jan ƙafa wata huɗu. Na lulluɓe tsorona da rigar addini, har ni kaina na yarda taƙawa ce. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Inna ba ta taɓa zama a aji ba. Zuriyar makiyaya ce, ta tashi tsakanin turke da ƙwarya. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunana, "wannan" take ce mini. Da Binta kuwa gaisuwa ce daga nesa, irin ta surukai. Wata ranar kasuwa ta biyo gidanmu, ta lura Safiya tana ƙin ɓangare ɗaya. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta ja Binta ɗaki ta saki labule. Da ta fito, sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun haihuwata.

"Sulaimanu!"

Na miƙe ban san na miƙe ba.

"Shekara arba'in ina tatsa," in ji ta. "Hantsar da nono ya kwanta a ciki zafi take yi, a gasa ta ta saki. Wannan ba zafi, ba motsi, sai ka ce tsakuwa. Gobe za ku birni."

Na ce, "Inna, likitan fa namiji ne."

"Kai ma namiji ne, me ka tsinana mata? Je ka tambayi liman ko Shari'ar ce ta ce a bar mace ta mutu da mayafinta a gyare."

Na je. Liman ya ce lalura ce, ya kuma yi mini faɗa a kan jinkiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gwaji ya nuna ciwon daji ne, likita ya ce sai an cire nonon. Kawun Binta ya taso daga Garo yana rantsuwa cewa daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi zai bazu. Na tabbata Inna za ta bi bayansa. Ashe ita ce za ta sallame shi: ta raka shi zaure da fura da kyakkyawar magana, ta dawo. Binta kuwa ba wuƙar take tsoro ba. Tsoronta ta dawo gida rabin mace, in juya mata baya. Ina bakin ƙofa na ji Inna tana ce mata, "'Yar nan, saniyar da ta rasa nono ɗaya ba a fitar da ita daga garke. Wancan ɗan bokon kuma, in ya canja miki fuska, ni na haife shi." Washegari Binta ta sa hannu a takarda.

A al'ada wurin kaka ake kai yaro yaye. Inna ta juya al'adar. Kwana biyu kafin aikin sai ga ta da ƙanena, sun koro saniyarta Fara da ɗan maraƙinta tun daga Gude, aka kafa turke a tsakar gidan malamin kimiyya. A mako guda Fara ta gama da furannin da nake alfahari da su, daga baya ta haɗa da takardun gwajin 'yan aji uku da na manta a kan tabarma. Ɗalibai sun daɗe suna yi mata addu'a. Da madararta, dafaffiya a cikin kunu, aka yaye Safiya.

Watannin da suka biyo baya sun yi tsawo. Duk bayan mako uku mu tafi Kano a ɗaura wa Binta ruwan magani, ga wahalar mai, wani lokacin mu wuni a tasha. Ta dawo tana amai, ƙamshin suya ma ba ta iya shaƙa, sai aka mayar da murhu bayan gida. Na koyi dama kunu, na koyi goyo, maƙwabta suka koyi kawar da kai. Ranar da gashinta ya fara zuba ta yi kuka, Inna ta ɗaura mata kallabi ta ce, "To, kin huta da zaman kitso, mu kika bari da wahala." Binta ta yi dariya da hawaye a fuska. Inna ce ta ɗinka 'yar jaka ta cusa auduga don riga ta zauna daidai. Ita take yi mata wanka. Tun daga nan kwano ɗaya suke ci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bangon ɗakin girki ne. Bayan aiki hannun Binta na hagu ya ƙi ɗaguwa, likita ya ce ta riƙa hawa bango da yatsu kullum. Inna ta ɗauki gawayi tana zana layi a inda yatsun suka tsaya. Kowace safiya gidan kan taru, har Safiya a bayana, mu ga ko za a wuce layin jiya. Wata rana a wuce, wata rana a koma ƙasa, Inna ta ce bangon ne ya ƙara tsawo. Ranar da Binta ta ɗaga hannu ta shanya zane a igiya da kanta, Inna ta rangaɗa guɗar da ta sa maƙwabta suka shigo tambayar wa ya haihu!

Inna ta ƙara shekara goma a duniya, ta ga gashi ya dawo, ta ga likita ya ce sai dai zuwa dubawa. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Waya na hannun kowa, bayanin ciwon yana yawo a cikinta, amma har yanzu akwai mazan da ke zuwa kemis da ciwon ƙirji. Tsadar rayuwa ta sa tafiya birni ta fi ta zamaninmu nauyi. Ina jin ba za ta yi dogon jawabi ba, labule za ta saki ta duba.

Da ta ga gidana a makon nan kuwa, guɗa za ta yi har muryarta ta dushe. Safiya ce ta haihu. Binta, wadda ta taɓa roƙona in riƙe mata amanar yarinyar in ta tafi, ita ke yi mata wankan jego, da hannun nan na hagu take ɗaga tukunyar. Nonon da aka dama furar suna da shi daga Gude ya zo, daga jikokin Fara. Jaririyar an sa mata Hauwa'u, ga ni yanzu ina kewaye sunan, sai dai in ce Inna ƙarama. Wannan kunyar zan riƙe ta, don ita ba ta cutar da kowa.

Inna ba ta bar gida ko fili ba. Ta bar shanu kaɗan, da layukan gawayi da na hana a shafe da fenti, da mace mai rai. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Sau ɗaya tak ta kira sunana a rayuwarta. Tun daga shekarar, duk macen da ta ji wani abu a jikinta a danginmu, ɗakin Binta take fara shiga. Ni nake kai ta asibiti, kuma ni nake faɗa wa likita sunan wurin.