Adireshi Ɗaya a Wayar Yaya

Duk layin masu ɗinkin jaka, mijin-ta-ce suke kiran yayana. Su yi ta faɗa har bakinsu ya gaji! Ni ƙanwarsa ce, ni nake goge masa fata a shago, na kuma san abin da ba su sani ba.

Hannun Yaya akwai albarka. Jakar da ya ɗinka sai ka gaji da ita ka bayar, ba dai ta yage ba. Masu saye daga ƙasashen waje da kuɗin kirifto, wato kuɗin intanet, suke biyansa, cikin wata manhaja a waya. Ciwonsa ɗaya ne, cacar ƙwallo. Ita ta cinye babban kekensa na ɗinki, ita ta sa matarsa ta ɗauki yara ta koma gidansu. Da ƙyar da siɗin goshi ta dawo, ta kuma faɗa a gaban mahaifiyarmu cewa in aka sake, ta tafi kenan.

Ba wanda ya sa shi. Shi da kansa ya shiga manhajar ya kulle ta, ta yadda kuɗi ba sa fita sai zuwa adireshin asusun da ya amince da shi tun farko. Guda ɗaya ya sa, na asusun matarsa. In zai ƙara wani, sai an kwana an wuni kafin ya fara aiki, saƙo kuma zai faɗa wayarta nan take.

Haka aka yi shekaru. Ko zare zai saya, sai kuɗin sun bi ta hannun Anti, matar tasa. Mai sayar da gam yana tsokanarsa, "An ba ka na kashewa yau?" Yaya sai ya ci gaba da huda fata, ko kai ba ya ɗagawa.

Sai ga tsohon abokin cacarsa, wani mai gyaran waya, ya dawo layin. Wallahi tun ranar na ƙi jininsa. Kullum yana kan bencinmu yana zuba, wai akwai wasan da ba makawa sai an ci, wai namiji har namiji amma mace ta riƙe masa aljihu. Wata safiya na ga Yaya ya juya mini baya da waya. Na leƙa ta kafaɗarsa. Ya ƙara adireshin 'yan caca.

Da rana Anti ta shigo da kwanon abinci. Na ɗauka za a yi ta. Ina! Ta ajiye kwanon, ta ajiye wayarta a kan teburin yanka, saƙon yana haske.

"Baban yara, na gani," ta ce. "Gobe zai buɗe. Ba zan roƙe ka ba, ba zan kai ƙara wajen Mama ba. Akwatina ma ban taɓa shi ba tukuna."

Ta juya ta tafi. Ni kuwa ina son matar nan, ina kuma jin haushin ɗan'uwana kamar in kwaɗa masa guduma.

Yaya bai ci abincin ba. Ya ɗinka hannun jaka a karkace, ya warware, ya sake. Can da yamma mai gyaran waya ya leƙo yana washe baki, ya zauna a benci.

"Gobe dai muna nan ko?"

Yaya ya ɗauki waya, ya miƙa ta saitin hancinsa, ya goge adireshin yana kallo.

"Haba! Kai dai an shanye ka," in ji mutumin, ya ɗaga murya don layi ya ji. "Wane ɓarawo kake tsoro da ka kulle kanka haka?"

Yaya ya miƙe, allura a hannu. Ban taɓa jin muryarsa haka ba.

"Ɓarawon da ya taɓa kwashe gidana ga shi nan tsaye a gabanka. Na san shi, tare muke kwana, tare muke tashi. Shi na kulle. Tashi mini daga benci."

Mutumin ya tashi ya fice. Yaya ya zauna, ya jawo kwanon da ya huce, ya ce in kira Anti in tambaye ta ko akwai abin da za a taho da shi gida.