Abin da Sista ta ciro daga fidar Usaina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu kira da masu saƙo duk na gani, ku yi haƙuri, bakina ne ya yi nauyi. Yau dai zan faɗa.

Waɗanda suka san ni sun san Allah ya ba ni 'yan biyu, Hassana da Usaina. Hassana nono take sha. Usaina kuwa tun tana wata biyu ta ƙi kamawa, sai muka koma ba ta madara a fida.

Da farko kullum sai na tafasa fidar. Da suka kai wata shida damina ta zauna, itace ya jiƙe, ga aikin gona. Na ga yarinya har ƙasa take damƙa ta kai baki, na ce to tafasawar me kuma? Na koma wanke ta da sabulu da ruwan rijiya. Ba wanda ya sa ni, ni na yanke wa kaina.

Bayan kwana goma gudawa ta fara.

Muka kai ta asibiti, aka yi mata ƙarin ruwa, suna ba ta madara da kofi da cokali. Kwana uku ta warware. Muna dawowa gida, ba a yi mako ba ciwo ya dawo. Sau biyu ana haka.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Iya Tabawa, ta zo dubiya. Ta daɗe tana kallon yaran a kan tabarma, sannan ta rage murya.

"Ke, kin lura kuwa? Wannan tana ramewa, waccan tana ƙara cika. 'Yan biyu ba a gane musu. Wata ba ta son a raba mata uwa."

Na ce, "Haba Iya, jaririya ce fa."

Amma maganar ta zauna min a ƙirji.

Wata Talata da azahar kowa yana gona, surukata Inna ce kawai a ɗakinta. Gero ya yi tsawo ya rufe gidan ta ko'ina, ko kaza ba ta motsi. Na shiga ɗaki na tarar Usaina tana kuka, baki a buɗe, amma babu murya, babu hawaye. Idanunta sun zurma. Maɗigarta ta lotsa kamar an danna da yatsa.

Hassana na zaune a gefenta, ta ɗora hannu daidai kan lotsawar nan, tana kallona ba ta ko ƙiftawa.

Sai ta yi murmushi.

Astagfirullah. Na ji tsoron 'yar da na haifa da cikina. Na fizge Usaina na fita ko mayafi babu. Inna tana cewa, "Ki ba Hassana nono mana kafin ku tafi," na yi kamar ban ji ba.

Maigidana ya baro gona ya ɗauke mu a babur. Likita ya ja fatar cikinta ya saki, fatar ta tsaya a tsaye.

Ya ce, "Ruwan jikinta ya ƙare. Da kun kai la'asar..." Bai ƙarasa ba.

Aka nemi jijiya a hannu babu, a ƙafa babu, sai a kai aka samu. Aka ɗibi jini, aka yi gwajin bayan gida. Akuyata da ke da ciki ita aka sayar aka sayi magani.

A kwana na uku Sista mai kula da ɗakin yara ta hango fidar a jakar da aka kawo min daga gida.

"Maman 'yan biyu, miƙo min wannan."

Ta kwance murfin, ta ciro robar, ta juya cikinta waje da babban yatsa. A lungun da robar ke haɗuwa da murfi akwai wani baƙin abu mai yauƙi, kamar gansakukar bakin rijiya. Warinsa ya daki hancina. Ni da nake wanke ta kullum ban taɓa juya ta ba.

"Yaushe rabonki da tafasa ta?"

Na ce, "Wata biyu."

Ta ce, "To ga abin da ke cin 'yarki. Madara in ta maƙale a lungu cikin zafin nan, ƙwayar cuta take haifarwa. Ba a daina tafasawa sai yaro ya cika shekara, balle ku masu ruwan rijiya."

Na aika gida, Inna ta kawo min Hassana. Tana ganina ta miƙo hannu, ta kama nono tana ajiyar zuciya. Kwana uku ke nan tana kan kunu saboda zargina. Na yi kuka har matan ɗakin suka taso suna ba ni haƙuri, ba su san kukan me nake yi ba.

Kwananmu tara aka sallame mu. Yau wata biyu babu gudawa. Usaina da kofi take sha, ta fara rarrafe, kumatu sun dawo.

Alhamdulillah. Allah ya saka wa Sistar nan da likitocin da alheri. Inna da maigidana, Allah ya biya ku. Masu addu'a na gode.

Iyaye mata, in dole sai fida, ku wanke ta bayan kowane sha, ku raba murfi da roba, ku tafasa su minti goma, har yaro ya shekara. Ruwan haɗa madarar ma a tafasa. Ragowa a zubar. In ba itace, kofi da cokali sun fi sauƙin wankewa. In kuka ga yaro yana kuka ba hawaye, ko tsakar kansa ya faɗa, kada ku tsaya neman wanda ya yi masa, ku kama hanyar asibiti.

Mai fida a ɗaki yanzu haka, don Allah ki ajiye wayar nan, ki je ki juya robar ki duba.